Saiwar Alkama da Lafiyar Ƙasa: Abin da Masu Binciken Iri Suka Tono

 

Zan fara da wata gonar alkama da aka kai ni a kudancin Kano, cikin watan Fabrairu, ana tsakiyar hunturu. Mai gonar dattijo ne, ya kai shekarun mahaifina. Kukansa ɗaya: ya sayi iri mai kyau, ya zuba taki yadda aka ce, amma da ya yi kwana biyar bai yi ban ruwa ba, sai ganye ya yi laushi. Na dubi ganye, na dubi kara, ban ga cuta ba. Sai na ce, "Baba, a ara mini shebur." Muka haƙa rami a gefen fangali, muka ɓaro tushe guda da ƙasarsa, muka sa a kwano muna zuba ruwa a hankali har laka ta zube. Saiwar ta nitse kamar taƙi guda, daga nan ta lanƙwashe ta bazu gefe kamar an shimfiɗa tabarma. A ƙarƙashinta akwai wani dandaɓe mai tauri, daidai inda haron tarakta yake tsayawa kowace shekara. Alkamar tana zaune a gona, amma a haƙiƙa cikin kasko take. Dattijon ya daɗe yana juya saiwar a tafin hannunsa, sannan ya ce, "Ɗana, shekara talatin ina noman alkama, yau na fara ganin ƙasanta."

Ba shi kaɗai ba ne. Mu da muka yi karatun noma ma, ido a sama muka taso. Wannan shi ne abin da na zo in yi magana a kai: yadda aka yi shekaru ana gyara alkama daga sama, saiwarta tana canzawa ba wanda ya lura, da kuma abin da masu binciken ƙwayoyin gado suka gano da suka koma suna tonawa.

Waɗanda suka fara tonon sun sha wuya. Wani malami a jihar Nebraska ta Amurka, John Weaver, ya riƙa haƙa ramuka masu zurfin da ya wuce tsayin mutum, yana bin saiwa ɗaya bayan ɗaya da tsinke yana zanawa, har ya fitar da littafi a 1926. A 1937 wani mai suna Howard Dittmer ya shuka tsiro guda na hatsin rai, ɗan uwan alkama na ƙasashen sanyi, a cikin akwati. Bayan wata huɗu ya wanke ya ƙirga: saiwoyi fiye da miliyan 13, in an jera su tsawonsu ya haura kilomita 600. Tsiro guda ke nan. Alkama kuwa, in ta sami ƙasa mai laushi, saiwarta tana wuce mita ɗaya, wani lokaci har ta kusa biyu. Amma mai haɗa iri da ke da fuloti dubu a gabansa ba zai tone kowanne ba. Zangarniya yake gani, tsaba yake aunawa. Saiwa kuwa ba ka ganinta sai ka kashe tsiron.

A haka aka shiga zamanin da ake kira juyin juya halin noma. Bayan yaƙin duniya na biyu, an ɗauki wata gajeriyar alkamar Japan mai suna Norin 10 zuwa Amurka, daga can jikokinta suka isa hannun Norman Borlaug a Meziko. Matsalar doguwar alkama ta da ita ce, in ka ba ta taki sosai sai kai ya yi nauyi ta kwanta. Gajeriya ba ta kwanciya, kuma ƙarfin da zai tafi ga kara sai ya koma tsaba. A 1966 Indiya ta sayi tan 18,000 na wannan iri. Alkamar da take nomawa ta tashi daga kimanin tan miliyan 12 a 1965 zuwa miliyan 20 a 1970, shekarar da aka ba Borlaug lambar yabo ta Nobel. Siete Cerros da aka daɗe ana shukawa a filayen ban ruwanmu daga wannan gida ta fito. Ba zan taɓa raina wannan aiki ba, domin ya cire miliyoyin mutane daga bakin yunwa.

Sai dai a ina aka zaɓi waɗannan iri? A kwarin Yaqui na jihar Sonora, cikin gonakin gwaji masu ruwa wadatacce da taki wadatacce. Tsiron da ake kawo wa komai har bakin ƙofa ba ya buƙatar dogon hannu. A 2007 wasu masana biyu na Jami'ar Kalifoniya, Giles Waines da Bahman Ehdaie, suka buga sakamakon awon da suka yi, inda suka nuna nauyin saiwar waɗannan gajerun iri bai kai kashi biyu cikin uku na wasu irin gargajiya ba. Har yau masana suna muhawara kan ko ƙwayoyin gadon gajarta ne suka jawo hakan, ko kuwa yanayin da aka yi zaɓen. Ko wanne ne, ba wanda ya zauna ya ce a rage saiwa. Ta ragu ne saboda ba wanda yake dubawa.

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne karanta littafin gadon alkama. Littafi ne mai wuyar sha'ani, domin alkamar burodi haɗin ciyayi uku ce da suka yi aure a yammacin Asiya dubban shekaru da suka wuce. Zaren gadonta, wato kuromosom, 42 ne, kuma yawan haruffan da ke ciki ya ninka na ɗan Adam sau biyar. Sai a 2018 aka fitar da cikakken karatunsa, aka lissafa ƙwayoyin gado fiye da 107,000. Amfanin wannan ga mai binciken saiwa a fili yake. In ya sha wahalar tono sau ɗaya ya gano cewa wani wuri a zaren gado shi ke sa saiwa ta nitse, to ba sai ya sake tone dubu ba. Ɗan guntun ganye zai tsinka daga tsiro ɗan mako biyu, a duba a ɗakin gwaji, a san ko yana ɗauke da wannan hali.

To wace irin saiwa ake nema? A nan nake so ɗalibai su saurara da kyau, domin amsar ba "babba" ba ce kawai. A Ostareliya, inda ake noman alkama da ruwan sama ƙalilan, John Kirkegaard da abokan aikinsa sun nuna a 2007 cewa ƙarin ruwa milimita 10.5 kacal, in saiwa ta janyo shi daga zurfin ƙasa bayan alkama ta yi fure, yana ƙara tsaba kilo 620 a hekta guda. Ruwan da aka sha lokacin cika tsaba ya fi kowane ruwa daraja. A ƙasar dai, tun kafin nan, Richard Richards da John Passioura sun bi wata hanya dabam: suka zaɓi alkamar da bututun ruwan cikin saiwarta siriri ne, don kada ta shanye ruwan ƙasa tun tana ƙarama, ta rage na ranar buƙata. A shekarun fari, ta fi 'yan uwanta tsaba. Saiwa ma ciki ne da ita, tana cin abincin da ganye ya dafa. Wadda ta yi yawa a inda babu buƙata, daga rabon zangarniya take ci. Ku riƙe wannan a zuciya, ku tuna da alkamarmu da ke cika tsaba a watan Maris, daidai lokacin da hunturu yake janyewa zafin bazara yake kunno kai.

Amma saiwa ba tsotsa kaɗai take yi ba. Wani kaso mai yawa na abin da ganye ya haɗa da hasken rana, saiwa tana tsiyayar da shi cikin ƙasa: sukari, da sinadarai masu tsami, da wasu masu kira ko korar ƙananan halittu. Da waɗannan ne tsiro yake gyara 'yar ƙasar da ke manne da saiwarsa, kuma ƙwayoyin gado ne ke iko da abin da zai fitar. A ƙasa mai tsami, alminiyon yana narkewa ya ƙone bakin saiwa, ta dunƙule ta daina girma. An daɗe da sanin alkamar Burazil ba ta damu da irin wannan ƙasa ba. A 2004 masana daga Japan da Ostareliya suka ware ƙwayar gadon da ke da hannu, ALMT1. Aikinta buɗe wata 'yar ƙofa a bakin saiwa, ta saki wani sinadari da ke ɗaure alminiyon kafin ya taɓa ta.

Yanzu na zo kan abin da ya fi tsaya mini a rai, wato maganar takin yuriya.

Duk wanda ya sayi buhun yuriya a shekarun nan ya san abin da ya fita daga aljihunsa. Tun 1999 William Raun da Gordon Johnson suka yi lissafin cewa, a duniya baki ɗaya, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na naitirojin da ake zuba wa hatsi yake komawa cikin amfanin da aka girbe. Ina sauran yake tafiya? In yuriya ta narke a ƙasa, sai ta zama amoniyam. Shi amoniyam yana manne wa laka, yana zaune yana jiran saiwa. Amma akwai wasu bakteriya a ƙasa da abincinsu ke nan, su juya shi ya zama naitiret. Naitiret ba ya manne wa komai. Ban ruwa ɗaya mai nauyi, ya bi ruwa ya wuce inda saiwa take, ya gangara rijiya ko kogi. Wani kuma ya tashi sama a matsayin iskar da ta fi hayaƙin kabon ɗumama duniya sau 270 da wani abu. A ƙasa mai ɗumi da danshi, irin ta fangalin rani, waɗannan bakteriya ba sa hutawa.

Wani masani a cibiyar JIRCAS ta Japan, Guntur Subbarao, ya shafe shekaru yana bin wata tambaya: me ya sa a wasu makiyayun Kudancin Amurka naitiret ba ya taruwa a ƙasa? Amsar tana saiwar wata ciyawa 'yar asalin Afirka, Brachiaria humidicola, wadda ke sakin sinadarin da ke danne waɗancan bakteriya. Alkamar zamani ba ta da wannan ƙarfi sosai. Sai aka same shi a wata 'yar uwarta ta daji, Leymus racemosus, da ke tsirowa a rairayin tsakiyar Asiya. Tare da masanan CIMMYT, cibiyar masara da alkama da ke Meziko, aka yi ta haɗa aure da tacewa, har aka ɗauko guntun zaren gado da ke riƙe da wannan hali aka dasa shi cikin iri masu yawan tsaba, irin su Munal. An buga sakamakon a 2021. A gonar gwaji naitiret ya ragu a kewayen saiwa, tsiron ya fi cin moriyar takin da aka ba shi, ingancin garin bai lalace ba. Ba a ɗauko ƙwayar gado daga dabba ko wata halitta ta nesa ba, auratayya ce tsakanin dangi. Yanzu ana gwada irin a Indiya.

Kada wani ya fita daga nan ya ce an sami alkamar da ba ta son taki. Tana so. Abin da take yi shi ne tsare wanda aka ba ta. Kuma saiwa ta fi sakin sinadarin a ƙasar da ta ɗan karkata ga tsami, saboda haka filin da kanwa ta fara fitowa dole a gwada shi dabam. Haka nan in ka watsa yuriya a saman ƙasa da rana tsaka ba ka binne ba, iska za ta kwashe rabonta tun kafin ta kai ga saiwa, kuma babu ƙwayar gadon da za ta maido maka.

Abin da ya kamata ya faranta mana rai shi ne, dawarmu tana da wannan baiwa tun asali. In ka tsiro da dawa a kan takarda mai danshi ka duba gashin saiwarta da madubin ƙara girma, za ka ga 'yan ɗigo-ɗigo kamar mai, ruwan zinariya. Sunansa sogoliyon, kuma yana cikin sinadaran da ke danne bakteriyar naitiret. Irin dawa sun bambanta wajen yawan fitar da shi. Kaura da farafara da muke gani a kasuwa kullum, nawa kowacce take fitarwa a jigawarmu? Wannan aikin digiri ne da ke jiran ɗayanku.

Kuma ai manomin dawa ya riga ya san saiwa tana magana, ko da bai kira shi haka ba. Irin wuta-wuta yana kwance a ƙasa shekara da shekaru ba ya tsirowa, sai ya ji ƙanshin saiwar dawa ko gero. A 2005 masana a Japan suka gano cewa wannan ƙanshi ba don wuta-wuta aka yi shi ba. Kira ne saiwa take yi ga wata funfuna mai amfani da ke shiga jikinta, ta miƙa zare cikin ƙasa ta janyo mata fosfaras, ita kuma ta biya ta da sukari. Iya yunwar fosfaras, iya ƙarfin kiran, shi ya sa wuta-wuta ta fi addabar gonar da ta gaji. Ɓarauniya ce mai laɓe tana sauraro. A 2017 ayarin Gebisa Ejeta, ɗan ƙasar Habasha da ke Jami'ar Purdue, ya gano ƙwayar gado LGS1, wadda in ta canza sai dawa ta sauya irin kiran: funfunar tana ji, wuta-wuta ba ta cika farkawa ba.

A cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila an ga wani abu makamancin wannan a alkama. Akwai cutar ruɓewar saiwa da ke addabar ƙasashen sanyi in an maimaita alkama a gona ɗaya. Sai aka lura cewa wani iri mai suna Cadenza, in shi aka fara shukawa, ba ya barin cutar ta taru a ƙasa kamar yadda wasu suke yi, don haka alkamar baɗi tana samun sauƙi. Wato irin da ka shuka bana yana barin wasiyya a ƙasa ga na gaba.

Daga ina za a ci gaba da samo irin waɗannan halaye? Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A shekarun 1920 da 1930 wani malami a Kambirij, Arthur Watkins, ya sa aka tattaro masa alkamar gargajiya daga kasuwanni da gonakin ƙasashe 32. Iri 827 suka tsira, suna ajiye a cibiyar John Innes da ke Norwich. Da aka karanta gadonsu aka buga a 2024, sai aka ga zuriya bakwai ce, alkamar zamani kuwa daga biyu kacal ta fito. Aƙalla kashi 60 cikin ɗari na bambancin da ke cikinsu ba a taɓa amfani da shi ba. Mu ma alkama ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu sun noma ta da jigo a fadamu, sun yi alkaki da funkaso da taliya tun kafin a san burodi, kuma har yanzu ana noma ta a lambunan duwatsun Azbin. Duk tsohon irin da ya saura a hannun wani tsoho, wanda ya jure zafinmu da ƙasarmu ɗaruruwan shekaru, ya cancanci a nemo shi a adana tun bai ɓace ba.

Akwai dalilin da ya sa maganar saiwa ta fi shafarmu fiye da Bature. Ku dubi gona a ƙasar Hausa bayan girbi. Karan dawa ya tafi danga da murhu, harawa ta hau rufin ɗaki, abin da ya rage dabbobi sun kiwace, wani wurin a cinna wuta. Ba laifin kowa ba ne, buƙata ce. Amma sakamakon shi ne, abin da tsiro yake bar wa ƙasa kusan saiwa ce kaɗai. Ita ce ke ruɓewa ta zama abincin ƙananan halittu, ita ke barin ramukan da ruwa da iska da saiwar baɗi za su bi. Bincike ya nuna kabon da ya fito daga saiwa ya fi na kara da ganye daɗewa a cikin ƙasa. Don haka irin da aka rage wa saiwa, gonar aka rage wa gado. A Kansas ta Amurka har an yi nisa da wata 'yar uwar alkama mai suna Kernza, wadda ba a sake shukawa duk shekara, saiwarta tana kai mita uku, ko da yake tsabarta har yanzu ba ta kusa ta alkama ba.

Duk da haka iri ba ya maye gurbin ciyar da ƙasa. A Rothamsted ɗin nan akwai filin Broadbalk da ake noman alkama a kai tun 1843 ba fashi. Fulotin da ake zuba wa takin dabbobi duk shekara, kitsen ƙasarsa ya ninka na wanda ba a zuba wa fiye da sau biyu. Kuma ko wace ƙwayar gado ka sa wa alkamar dattijon nan da na fara da shi, dandaɓen haro yana nan yana jiranta.

Najeriya tana shigo da alkama fiye da tan miliyan 4 a shekara. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2021 ta nuna abin da muka noma bai kai tan 37,000 ba. An taɓa hana shigo da ita a 1987, hanin bai ɗore ba. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda alhakin alkama yake wuyanta, ta fitar da iri masu jure zafi kamar Norman da Reyna-28, kuma aiki ne da ya cancanci yabo. Roƙona ga duk mai gwajin iri, a Kadawa ne ko kwarin Haɗeja ko Bakolori, shi ne a ƙara layi ɗaya a takardar awo. Muna rubuta tsayin kara, da ranar fure, da nauyin tsaba. A ƙara saiwa. Saiwar da aka zaɓa don busasshiyar ƙasar Ostareliya ko sanyin Japan ba lalle ta dace da lakar fangalinmu ba, kuma ba wanda zai zo daga waje ya tona mana.

Ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Shebur ne, da bokiti, da rariya, da ma'aunin tsayi, da wayar ɗaukar hoto. Lokacin da alkama ta fara fitar da kai, a tono tushe biyar daga kowane iri, a wanke, a auna zurfi, a duba ko ta nitse ko ta bazu, a shanya a auna nauyi. Manomi ma zai iya a gonarsa: ya haƙa rami ɗaya zurfin gwiwa, ya soka wuƙa a bangon ramin daga sama zuwa ƙasa, ya ji inda ta ƙi shiga. In ya tarar da dandaɓe, ya canza zurfin huɗa, ya sa takin gida, ya gwada wake ko waken suya da damina kafin alkamar rani. Dattijon da na ba ku labari haka ya yi, kuma da na koma bayan shekara biyu, shi ya riga ni ɗauko shebur.